Zabuwar Kaka da sojan da ya cafe ni a tashar Offa

Shekarata goma sha ɗaya ranar da na fara shiga jirgin ƙasa. Watan Agusta ne na 1981, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah, muna tsakiyar dogon hutu. Matar Baffana da ke sana'ar goro a Agege ta haihu, wasiƙa ta iso har suna ya wuce, kakata ta wajen uba ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai ta je ta ga jinjirin nan da idonta. Babanmu ya yi lallashin duniya, ya ce ta bari a kawo mata shi in an yi arba'in, ta ce ba ta ji wannan ba. Ya ce to a sa ta a mota, ta ce ita ba ta san hanyar Ikko a mota ba, jirgi ta sani. Da aka zo kan wanda zai raka ta, sai ta nuna ni da baki ta ce, "Ga maigidana nan zaune. In bai kai matarsa unguwa ba, wa zai kai ta?"

Kayan da ta haɗa har yau ina iya lissafa su. Kanwa da surfaffen gero na kunun mai jego, yajin jego a gwangwani, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa a ƙunshe cikin tsumma, man shanu a kwalba, tabarma, da butar silba da ta zo da ita daga Makka, wadda ba ta yarda kowa ya taɓa sai ni. A kan duk waɗannan akwai wani kwando da aka rufe bakinsa da buhu aka ɗaure da igiya, cikinsa zabi biyu, zabo da zabuwa. Ta ce mai jegon da ba ta sha romon zabo ba, ba ta yi jego ba.

Tashar Kano a safiyar nan cike take kamar filin Idi. Ana buɗe taragu 'yan dako suka fara cusa kaya ta taga, ni ma ta tagar Babanmu ya miƙa ni, ya ce in kama mana wuri kada in ɗaga ko wa ya zo. Taragon masu ƙaramin kuɗi muka shiga, inda kujeru ke fuskantar juna, gwiwarka na gogar ta wanda ke gabanka. Kaka ta shigo ta ƙofa a natse, tana faɗa da mai dako a kan sule biyu. Shekara takwas ke nan da shigowar naira da kwabo, amma ita har ta koma ga Allah da sule da fam take lissafi.

Jirgi ba baƙonta ba ne. Ta san shi tun yana cin kwal, tun ana loda masa buhunan gyaɗa daga dala. Ta ce a da in ka leƙa taga sai garwashi ya faɗa maka ido, farar riga kuwa kafin a kai Zariya ta koma kamar ta maƙeri. Namu na dizal ne, don haka take ɗan raina shi, wai ba shi da kwarjini, kukansa ma ba ya ratsa zuciya. Sai da na girma na karanta cewa dogo ya iso Kano a 1911, aka fara zirga-zirga har Legas a 1912, tafiyar sama da kilomita 1,100. A ranar dai abin da na sani shi ne an ce za mu kwana a ciki.

Wadda ke fuskantarmu wata dattijuwar Bayarabiya ce, ta zo ganin 'yarta a Sabon Gari za ta koma Oshogbo. Hausarta ba ta wuce "sannu" ba, Kaka kuwa ko kalma ɗaya ta Yarabanci ba ta sani ba. Wannan bai hana su komai ba. Kafin mu wuce Challawa sun fara hira, kowa da harshenta, wannan ta yi magana waccan ta gyaɗa kai ta tafa hannu, kamar tare suka yi 'yan matanci. Iya muka riƙa kiranta. Gefenta wani Bagobiri ne mai tsage har kunne, ɗan tireda da ya daɗe a unguwar Sabo ta Ibadan, ya iya Yarabanci kamar jakin Kano da hanyar kasuwa. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Ai kuwa tun kafin ya gyara zama ya ce mata baiwarsa, ta ce masa shi ne bawa, ya naɗa kansa tafinta ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

Tafintan nasa ne ya haɗa faɗan farko. Warin daddawa ya bugi hancin Iya, ta nuna ƙunshin ta ce "iru", ta zaro nata daga cikin ganye. Duka na kalwa ne, sai dai tamu an kirɓa ta an yi mata faifai baƙi, nata kuwa ƙwayoyin na nan ɗai-ɗai da danshinsu. Kowacce ta shinshina na 'yar'uwarta ta yi magana. Bagobiri ya juyo wajen Kaka ya ce, "Hajiya, ta ce wannan taki ko akuya ba za ta ci ba." Ya juya wajen Iya ya faɗa mata wani abu, muka ga ta zaro ido ta dafe ƙirji. Tsofaffin nan suka ɗaure fuska, kowa ta juya wa kowa ƙeya, har kusan rabin sa'a. Wata yarinya 'yar makaranta da ke bayanmu, mai jin harsunan biyu, ita ta kasa daurewa ta ce, "Hajiya, wallahi yabawa ta yi, cewa ta yi ki sam mata." Sai ga Kaka da Iya sun haɗu a kan Bagobiri da mafici, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, yana kare kai yana dariya har hularsa ta faɗi.

A Zariya wani malami Bazazzagi ya shigo da gafakarsa, ya ji Kaka Bakanuwa ce, ya ce to yau kowa ya riƙe aljihunsa. Ta ce masa ya zauna a hankali kada ya fasa mata ƙwai, don ta sayi dafaffen ƙwan zabi ta taga, lokacinsa ne, damina ta yi nisa. A Kaduna muka daɗe, har aka yi la'asar. Nan ne sojan ya shigo. Dogo ne baƙi, kofur, da jakarsa a kafaɗa, fuskar nan ba alamar wasa. Mutane suka matsa masa ba tare da ya ce komai ba. Ya zauna tsallaken hanya daga inda muke, ya miƙe ƙafafu, ya rufe fuska da hularsa. Hirar taragon ma sai da ta ragu.

Mai duba tikiti ya zo bayan magariba, ya ji motsi a ƙarƙashin kujera, ya ce, "Hajiya, waɗannan fa, sun biya?" Ta ce, "Ɗana, goyo ne. Ana karɓar kuɗin goyo?" Ya yi murmushi ya huda tikitinmu ya wuce.

Dare ya raba, fitilar taragon ta yi ja kamar ta aci-balbal, kowa ya yi laushi. Masu barci a kujera, masu barci a ƙasa kan tabarma, jarirai a bayan uwayensu. Kaka ta taɓa ni ta ce tun safe bayin Allahn nan ba su sha ruwa ba, dabba ma rai gare ta, alhakinsu zai kama mu. Ta zuba ruwa a murfin kwano, ta kwance igiya, ta ɗaga bakin buhun kaɗan, daidai shigar hannu. Wanda ya san zabo ya san sauran labarin. Fir! Kamar an harba su daga bindiga.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan a wuri rufaffe ba. Zabuwar nan ta buɗe maƙogwaro, zabon na amsa mata, fuka-fukai na dukan fuskokin mutane a duhu. Wata mata ta farka tana salati tana cewa an shigo, wani ya ce ɓarayi, wani can ƙarshen tarago ya ce gobara. Jarirai suka ɗauka gaba ɗaya. Malam Bazazzagi ya rungume gafakarsa yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Bagobiri ya yi tsalle zai cafke zabon, ya taka ƙafar wani, suka zube tare kan buhun albasa. Iya ce ta yi ta maza: ta warware mayafinta ta watsa shi kamar mai jefa birgi a kogi, sai ga zabo a ciki yana mutsu-mutsu.

Zabuwar kuwa ta haye wurin ajiye kaya na sama, ta bi shi a guje tana zubo da ƙullin mutane, da ta kai ƙarshe ta diro. Ba ta sauka ko'ina ba sai kan fuskar soja. Mutumin nan ya yi wata irin kururuwa, ya wuntsila ƙasa ya kwanta rub da ciki, hannunsa na laluben bindigar da ba ya tare da ita. Taragon ya yi tsit. Wallahi har ƙarar ƙafafun jirgi a kan dogo sai da na ji ta dabam. Kowa na jiran abin da zai biyo baya, Kaka ta damƙe hannuna. Ya ɗago a hankali, ya ga zabuwa tsaye kan kujerarsa tana kallonsa da ido ɗaya. Ya miƙa hannu ya kama ƙafafunta cikin sauƙi, ya miƙe, ya ce da irin Hausarsu ta bariki, "Wannan kaza na wane ne?"

Kaka ta ce, murya na rawa, "Tawa ce, ɗana. Ka yi wa Allah ka yi haƙuri."

Ya dube ta, ya dubi zabuwa, ya ce, "Mama, ni na yi yaƙin basasa tun farko har ƙarshe. Ba wanda ya kai ni ƙasa. Yau kaza naka ya kai ni ƙasa." Sai ya fashe da dariya, irin wadda ke fitowa daga ciki. Taragon ya ɗauka. Mutane na dariya har da hawaye, waɗanda ke maƙwabtan taragu suna leƙowa suna tambayar me ya faru, ana ba su labari, su ma su kwashe. Shi da kansa ya mayar da zabin cikin kwando ya yi masa ɗaurin da ya ce ko fursuna ba zai kwance ba. Daga nan bai ƙara rufe fuska ba. Ya ce shi mutumin Binuwai ne, Kirista, za shi barikin Ikeja. Kaka ta ɓare masa ƙwai biyu ta barbaɗa yaji. Ba mu tambayi sunansa ba, Soja kawai take ce masa, shi kuma Mama.

Layin nan guda ɗaya ne, mai zuwa da mai komawa duk a kansa suke bi, don haka dole wani ya tsaya a ƙaramar tasha ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Irin wannan tsayuwar ce ta same mu da asuba, bayan mun bar Minna, a wani wuri da ba komai sai ɗakin ma'aikata da fitila ɗaya. Maza suka sauka yin alwala. Hadari ya rufe sama, ba tauraro ko ɗaya. Bagobiri ya ce abin ai ba wuya, tunda kudu muka nufa, gabas na hannun hagun jirgi. Malam ya ce shi jikinsa bai ba shi haka ba. Aka rabu biyu, kowa da magoya bayansa, ana ta nuni da hannu cikin duhu, lokaci na tafiya. Wani tsohon ma'aikacin tasha da ke riƙe da fitila ya saurare su ya gama, ya ce, "Ku juya wa kan jirgi baya." Ashe daga Minna dogo ba kudu yake yi ba, yamma yake karkata har da ɗan hawa arewa zuwa Zungeru, sannan ya gangara Jebba. Aka yi sahu ana kallon wutsiyar jirgi, Malam ya ja sallah. Ana sallamewa gari ya fara ja daidai inda tsohon ya nuna. Malam bai ce komai ba, gyaran murya kawai ya yi ta yi har muka koma ciki.

A Zungeru ya rama da ilimi. Ya ce nan ne Turawa suka yi hedkwatar Arewa kafin su koma Kaduna, nan aka haifi Azikiwe. Soja ya ce, a hankali, "Ojukwu ma." Ya daɗe yana kallon waje bayan ya faɗi haka, ba wanda ya katse shi.

Tun daga Mokwa Kaka ta fara jan carbi, don ta san abin da ke gaba. Gadar Jebba. Jirgi ya rage gudu har kamar mai tafiya da ƙafa zai wuce shi, ƙarar ƙafafunsa ta sauya ta zama mai amo, ƙarafa na wucewa ta taga ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa, na ga ruwan da ban taɓa zaton akwai irinsa a duniya ba. Ni da na saba da Kogin Challawa, ga Kwara ta cika ta batse da ruwan damina, jajaye-jajaye, da 'yan kwale-kwale kamar ɓawon gyaɗa, ga wani ƙaton dutse tsaye shi kaɗai a tsakiyar kogi. Aka ɗan hau tudu na ce mun ƙetare, Soja ya ce a'a, tsibiri ne, saura rabi. Kaka ta rufe ido da mayafi, hannunta ɗaya cikin na Iya, wannan na salati waccan na kiran "Oluwa". Da muka sauka tashar Jebba masu kifi suka yanyame tagogi, Kaka ta sayi soyayye na sule biyar ta raba wa duk wanda hannunta ya kai, wai sadakar ƙetare ruwa.

Abin da ya sa nake ba da labarin nan duka ya faru ne a Offa, da yamma, bayan mun wuce Ilori. Ruwanmu ya ƙare. An ce jirgi zai ɗan jima, mutane suka sauka sayen burodi da dankali. Kaka ta ba ni butar silba ta ce in cika a famfon tasha in dawo maza. Na tarar da layi. Ina tsaye har aka zo kaina, ruwan na zuba siriri. Na ji an busa usur, na ce bari ta ƙara cika kaɗan. Da na waiwaya, taragu na tafiya.

Na ruga. Dandamalin ya cika da masu talla, ina karo da tire, ina kiran Kaka, muryata ba ta fita. Taragonmu ya yi gaba, na ga ƙofofi na wuce ni, matakalar ta fi ƙarfin tsallena, gudun na ƙaruwa. Ban san kowa a garin nan ba, ban iya harshensu ba, ko kwabo babu a aljihuna, ban ma san sunan unguwar Baffa ba. Tsoron da na ji a wannan lokacin har yau in na tuna sai cikina ya juya.

Sai na ji an sure ni ta baya, ta ƙugu, kamar an ɗauki ɗan akuya. Soja ne. Ashe da jirgi ya motsa Kaka ta ƙwalla ƙara, shi kuwa bai tsaya tambaya ba, ya diro daga jirgi yana tafiya. Ya yi gudu da ni a hammata, ya cilla ni ta ƙofar wani tarago, hannaye suka cafe ni. Shi bai samu shiga nan ba. Sai da taragu biyu suka wuce ya kama ƙarfen na kusa da ƙarshe, ƙafarsa ta ja ƙasa, mutane suka janye shi ciki. Ya biyo taragu ya same ni, gwiwar wandonsa a yage, jini na bin ƙaurinsa. Ya kama hannuna muka ratsa har wurinmu.

Mun tarar da Kaka a ƙasa, ɗankwali ya zame, Iya ta rungume ta tana shafa mata baya, Bagobiri na ta kiran a tsayar da jirgi, Malam na addu'a da ƙarfi. Da ta gan ni ta jawo ni ta ƙanƙame, tana kuka tana shafa kaina da fuskata kamar mai ƙirga ko wani abu ya ɓace. Ta daɗe a haka. Sannan ta dubi hannuna, ta ga har yanzu ina riƙe da buta, ruwan duk ya zube. Ta share hawaye ta ce, "Maigida, ina murfin?" Waɗanda ke kuka suka koma dariya, ita ma ta yi, hawaye na zuba. Ta tsuguna da kanta ta wanke wa Soja ciwon da sauran ruwan Iya, ta shafa masa man shanun mai jego, ta yage gefen mayafinta ta ɗaure. Yana cewa, "Mama, bari, ba komai," tana cewa, "Rufe mini baki, ɗan albarka."

Iya ta sauka a Oshogbo da magariba. Suka yi musayar daddawa da iru, suka riƙe hannun juna ta taga har jirgi ya raba su. Bagobiri ya sauka a Ibadan cikin dare, ya bar mini sule. Abekuta ina barci muka wuce ta.

Mun isa Agege da sanyin safiya, kwana biyu cur. Soja ya sauke mana kaya ɗaya bayan ɗaya yana ɗingishi. Kafin ya koma ciki Kaka ta sa shi ya kwance ɗaurin da ya yi, ta zura hannu ta ciro zabuwar ta miƙa masa. Ya ƙi. Ta ce, "In ka ƙi, ban yafe ba." Ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna. Ganina na ƙarshe da shi, yana tsaye a ƙofar tarago cikin kakinsa, zabuwa a hammata, yana ɗaga mana ɗaya hannun. Da Baffa ya zo ya leƙa kwando ya ce, "Inna, zabo ɗaya tal kika ɗauko tun daga Kano?" Ta ce, "Biyu ne. Matarsa ta shiga soja."

Kaka ta rasu a 1994, Allah ya jiƙanta. Har ƙarshen rayuwarta in ta idar da sallah tana jero 'ya'ya da jikoki, sai ta ƙara da "da Soja, duk inda yake". Butar na wurina, ba murfi.

Jirgin ya yi shekaru ba ya tafiya. Da aka gyara layin aka dawo da shi a ƙarshen 2012, sau ɗaya a mako, yana tashi daga Kano ranar Litinin da safe, na ce sai na kai babban ɗana. Muka tafi a 2013, kuɗin kujerar bai kai naira 2,000 ba. Na nuna masa Zungeru da gadar Jebba, duk da duhu ya hana shi ganin ruwan sosai. Mun shiga Offa gari na wayewa, yana barci. Na sauka ni kaɗai, na taka dandamalin daga inda nake zaton famfon yake zuwa inda aka sure ni. Taku arba'in ne da 'yan kai. Na tsaya nan na yi wa mutumin nan addu'a, in yana raye Allah ya ba shi lafiya, ya jiɓinci lamarin 'ya'yansa kamar yadda ya jiɓinci nawa. Na sayi burodi biyu. Ana busa usur ina zaune a kujerata, hannuna a kan kafaɗar yaron.